Tayar gaba ta fice daga tirelata: laifin direba ne, ko tun daga kamfani ta zo da aibi?

Mai Hatsi Dawanau:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, amma yau ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe, don abin ya hana ni barci.

Hatsi nake saye da sayarwa a Dawanau, kuma ina da tirela uku. Mako uku da suka wuce, wata ranar Laraba, ɗaya daga cikinsu ta ɗauki masara za ta Legas. Sun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan, wajen ƙarfe goma na safe, sai tayar gaba ta ɓangaren yaron mota ta fice. Yaron ya ce ji ya yi kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerarsa, kan motar ya durƙusa gefe guda, sai ga taya tana gudu a gabansu ita kaɗai. Ta sauka daga kwalta, ta wuce wata mata mai goyo da ke tsaye tana jiran mota, waɗanda suka gani sun ce tsakaninsu bai kai taku uku ba, sannan ta je ta rushe rumfar wani mai shayi. Allah Ya tsare, mai shayin ya je ɗiban ruwa, babu kowa a kan benci. Direban ya yi ta fama da sitiyari har motar ta tsaya a gefen titi ba ta kife ba.

Da labari ya iso ni, ban tsaya tambayar komai ba. Na kira direban na wanke shi tas. Na ce kwana biyu kafin tafiyar an cire tayar an yi mata faci, shi ne bai tsaya an ɗaure notuna yadda ya kamata ba. Na karɓe makulli, na ce albashinsa na wata biyu zai tafi a gyara da biyan mai shayi. Shekararsa tara yana ja mini mota, ko madubi bai taɓa fasa mini ba. Bai yi musu da ni ba, cewa kawai ya yi: "Alhaji, je ka dubi tayar da idonka."

Sai bayan kwana huɗu na je gareji na duba. Notunan nan goma cif suna nan a ɗaure, ko ɗaya bai motsa ba. Tayar ta fice ne tare da gangar birki, da wani zoben ƙarfe da ya ɓalle daga jikin hob, ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. Wato hob ɗin ne ya tsage ya zagaye, ya rabu biyu, rabi ya bi taya, rabi ya zauna a jikin mota.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'a shi ne ya ce mini a ƙasashen da ake ƙera motocin nan, idan aka gano wani ƙarfe ya fito da aibi daga masana'anta, kamfani yakan yi kiranye, a kawo motocin a canza kyauta. Ya ce ba mamaki tawa tana cikin irin waɗannan ban sani ba. Motar daga Amurka aka shigo da ita, ƙirar 2011 ce, mai dogon hanci, na saye ta a Legas shekara biyar da suka wuce. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba ni da hujja, kuma ba na son in ɗora wa wani laifi karo na biyu ban bincika ba.

Tambayoyina: ta yaya zan gane ko ƙarfen nan da aibinsa ya zo ko mu muka kashe shi? Kiranyen nan gaskiya ne, kuma yana iso mu nan? Sannan me ya kamata in yi da direban? Matarsa ta kusa haihuwa, ni kuma tun ranar da na ga notunan nan zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Kamasho:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya ƙara tsarewa. Amma a gaya wa juna gaskiya, buhu nawa aka ɗora mata? Kullum ina tasha, ina ganin yadda ake yi. Motar da ya kamata ta ɗauki buhu 300 sai a labta mata 400 har da ɗori, a bi da ita ramukan hanya, in ƙarfe ya karye a ce Bature ne. Ni ban ga ta inda kamfani ya shigo maganar motar da ta shekara fiye da goma tana aiki ba.

Bakanike Ƙofar Ruwa:

Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Kafin komai: kada ka bari a sayar da karyayyen hob ɗin nan ga 'yan gwangwan, kada kuma a wanke shi da fetur ko a goge bakin karayar. Aika yaro yau ɗin nan ya ɗauko rabi biyun ya kai maka gida. Shi ne shaidarka, kuma shi zai wanke direbanka ko ya kama shi.

Shekarata ashirin da shida a ƙarƙashin manyan motoci, kuma ficewar taya iri uku na sani.

Akwai wadda notuna ne suka kwance. Wannan ba ta ɓuya. Za ka ga ramukan rim sun buɗe sun zama kamar ƙwai, kusoshin sun cinye ko sun guntule, ga layin tsatsa ja yana gangarowa daga gindin kowane noti. Wannan ita ce ake iya cewa sakacin direba ko na mai faci, don ƙa'ida ita ce in an cire taya an mayar, bayan an yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari a tsaya a sake bin notunan. Taka ba wannan ba ce tunda ka ce goman suna ɗaure.

Akwai ta boris, wato ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa. Giris ya ƙare ko an matse shi fiye da kima, ya yi zafi ya narke. A nan hob ɗin gaba ɗayansa yake zarewa, kuma in ka dubi bakin aksil za ka ga ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta, ga ƙauri. Ita ma ba ita ba ce.

Ta uku ita ce taka, ƙarfen kansa ya tsage. To a nan sai ka ɗauki rabin ka fita da shi rana ka dubi bakin karayar da kyau. Ƙarfen da ya karye lokaci guda, misali an faɗa rami da gudu da lodi mai nauyi, bakinsa duka sabo ne, fari, mai gautsi kamar an karya ƙanƙara. Wanda kuwa ya daɗe yana ci a hankali, za ka ga wani sashe ya yi santsi, ya yi duhu ko tsatsa, da wasu layuka masu lanƙwasa suna bin juna kamar sawun ruwa a kan yashin rafi. Kowane layi wurin da tsagar ta tsaya ne kafin ta ci gaba. Sabon wuri mai haske shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe da tayar har ranar Larabar nan. In ka ga tsohon wurin ya fi sabon yawa, to wannan tsagar ta yi watanni, wataƙila tun kafin damina, kuma tana bayan gangar birki inda direba ba zai taɓa ganinta ba ko da kullum yana zagaya motar da tocila.

Sai dai Alhaji, tsohuwar tsaga ba ta nufin lallai kamfani ne. Abu huɗu ke kawo ta: ko ƙarfen an yi shi sirara a wurin tun asali, ko an zuba shi da kumfa a ciki, ko lodi ya fi ƙarfinsa shekara da shekaru, ko kuma wani can baya ya yi ta yawo da notuna a kwance har fuskar hob ɗin ta cinye. Sannan ka duba ko hob ɗin ma na asalin motar ne. Akwai lamba da tambari da ake zubawa a jikinsa. Kwatanta da na ɗaya gefen. Sau da yawa ina kwance mota in tarar da hagu daban dama daban, wani an sayo shi a kasuwa ba suna ba lamba, wani ma an taɓa yi masa walda an shafe da baƙin fenti. Hob ba a yi masa walda. Duk wanda ya ce zai like maka shi, ka bar garejinsa.

Kuma don Allah kada motar nan ta hau titi sai an kwance ɗaya gefen. A wanke shi, a shafa kananzir a wuyan, a goge, a barbaɗa alli, a ɗan jira. In da tsaga za ka ga siririn layi ya jiƙe a cikin allin. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Bazazzagi a Ohayo:

Ranka ya daɗe, ɗan yayarka bai yi ƙarya ba. Ni tirela nake ja a nan Amurka shekara goma sha ɗaya, kuma ni kaina an taɓa aiko mini da takardar kiranye a kan motata, na kai aka canza abin ban biya ko sisi ba.

Yadda abin yake: akwai hukumar gwamnati mai suna NHTSA da ke kula da lafiyar ababen hawa. Doka ta ce idan kamfani ya gano aibin da zai iya jawo haɗari, kwana biyar na aiki gare shi ya sanar da hukumar, sannan ya rubuta wa masu motocin, ya gyara kyauta. Gyaran kyautar nan wajibi ne a kan motar da ba ta wuce shekara 15 da sayarwar farko ba.

Wanda duk direban da ke nan a lokacin yake tunawa shi ne na Volvo a 2016. Motocinsu samfurin VNL da VNM da VNX, kusan 16,000 a Amurka kaɗai. Sandar da ta haɗa sitiyari da akwatinsa gida biyu ce, sai aka gano a wasu motocin babu wani ɗan ƙaramin fil da ke riƙe mahaɗar, kuma kusar da ke ɗaure ta sama ba lallai ta kama da kyau ba. In ta zare, sitiyari sai ya riƙa juyawa a hannunka kamar faifai, tayoyi ba su san kana yi ba. Ka auna wannan a mota mai tan talatin da wani abu tana gudun kilomita ɗari. A watan Maris na shekarar hukumar da ke kula da motocin haya, FMCSA, ta ba da umarni cewa duk motar da ke cikin kiranyen ba a gyara ta ba, in jami'i ya kama ta a hanya, nan za ta kwana. Kafin shekarar ta ƙare an bi kusan dukkansu an gyara. Motoci sababbi fil, wasu ba su yi wata shida a hanya ba. Don haka Malam Ɗan Kamasho, aibin masana'anta gaskiya ne, ba kullum lodi ba ne.

Kuma kada a ɗauka kamfanonin suna yi ne don kirki. A ƙarshen 2020 hukumar NHTSA ta ci reshen Daimler na manyan motoci, masu Freightliner, tarar dala miliyan 30 saboda jan ƙafa wajen kiranye. A farkon 2023 ta ci Volvo dala miliyan 130 a kan irin wannan laifin. Tsoron tara da kotu ne ke sa su motsi.

Yanzu ga inda matsalarku take. Takardar kiranye tana bin adireshin wanda aka yi wa rajistar motar ne a nan. Ranar da aka yi gwanjonta aka sa ta a jirgin ruwa, ta fita daga lissafinsu. In an yi kiranye bayan ta bar ƙasar, takardar tana can ta faɗa akwatin wani kamfanin da ya manta da ita. In ma kafin ta tafi ne, wani mai motar da ya san zai sayar ba ya ɓata lokacinsa ya kai gyara. Ba wanda zai neme ka a Dawanau. Kai ne za ka neme su.

Abin da za ka yi: a jikin ƙofar direba, ko a jikin shasi ta gaba, akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 17. Kwafe ta daga jikin ƙarfen, kada ka dogara da ta takardun kwastan, don akan yi kuskure a can. Ba ɗan yayarka ya shiga shafin NHTSA na intanet, wurin kiranye, ya sa ta. Wani lokaci manyan motoci ba sa fitowa ta lambar, to sai ya nema da sunan kamfani da samfuri da shekara, zai ga duk kiranyen da aka taɓa yi wa irinta, ya duba ko akwai na hob ko na aksil ɗin gaba. Ya kuma rubuta wa kamfanin kai tsaye da lambar, ya haɗa da hoton karayar. Ka sani kuma, su kamfanonin motar ba su ke ƙera komai ba. Aksil, hob, birki, galibi wasu kamfanoni ne daban ke yi musu, shi ya sa aibi ɗaya kan shafi motoci masu suna daban-daban. Lambar da Oga Bakanike ya ce ka duba a jikin hob ɗin tana da amfani a nan.

Sauran biyun naka in na Turai ne, Ingila tana da shafin gwamnati na duba kiranye, Jamus tana da hukumar KBA, Tarayyar Turai kuma tana fitar da sanarwar kayan da aka samu da haɗari duk mako.

Ba na so in sa maka rai da yawa. Ko ka samu tana ciki, da wuya wani ya aiko maka da hob kyauta har Kano. Ribar da za ka samu ita ce ka san wane ƙarfe ne ba za ka sake sawa ba, kuma ka san gaskiyar direbanka. In ka ga dama turo mini lambar ta saƙon sirri in duba maka daga nan.

Mai Hatsi Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na aika an ɗauko ƙarfen, ashe har an jefa shi cikin tarin da za a auna gobe. Malam Ɗan Kamasho, ba zan ɓoye ba, buhu 350 ne a kanta ranar, kuma akwai lokutan da ta ɗauki 400. Wannan ni ne na sa, ba direba ba. Malam na Ohayo, zan turo lambar bayan Magariba in sha Allahu.

Malama Injiniya:

Alhaji, da na karanta bayaninka sai da tsigar jikina ta tashi, saboda kusan irin wannan ne ya faru a Japan, kuma ina koyar da shi ga ɗalibaina a kwalejin kimiyya da fasaha duk shekara idan mun zo darasin gajiyar ƙarfe.

Ranar 10 ga Janairu 2002, a birnin Yokohama, tayar gaba ta fice daga wata babbar motar Mitsubishi tana cikin tafiya. Nauyinta da gangar birki wajen kilo 140. Ta gangara ta bugi wata mata 'yar shekara 29 da ke tafiya a gefen titi da 'ya'yanta maza biyu ƙanana. Uwar ta rasu, yaran suka ji rauni. Abin da ya karye shi ne hob, a wuyansa, kamar naka.

Kamfanin ya ce rashin kula da mota ne daga masu ita. A kan wannan maganar ya tsaya shekara biyu. Alhali tun daga 1992 hob ɗin manyan motocinsu yake karyewa nan da can, rahotanni suna zuwa musu, kowanne a rubuta shi a matsayin sakacin mai mota. A watan Oktoba na 2002 kuma wani direba ya mutu a lardin Yamaguchi, shi kuma gidan kulocin motarsa ne ya fashe, farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, ta ɓalle ta lalata bututun birki, motar ta ƙi tsayawa. Wannan ma kamfanin ya san da matsalar tun da daɗewa. Sai a watan Maris na 2004, bayan 'yan sanda sun shiga ofisoshinsu da bincike, Mitsubishi Fuso ya amsa cewa hob ɗin ba shi da ƙarfin da ya kamata tun daga zane, ya yi kiranyen motoci sama da 100,000. A shekarar aka kama manyan shugabanninsa, har da tsohon shugaban kamfanin, kuma kotu ta sami wasu daga cikinsu da laifi. Kamfanin nan shi ne mai ƙera motar Kanta da muke gani ko'ina a garuruwanmu, amma kada a rikice, manyan motocinsu ne abin ya shafa.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan kullum: kowane mai mota a cikin waɗancan shekaru goma yana zaton shi kaɗai abin ya sama. An ce masa laifinsa ne, ya yarda, ya sayi sabon hob, ya yi shiru. Kamfanin kaɗai ke ganin rahotannin a tare. Mu nan ko wannan tarin ba mu da shi. Mota ta yi haɗari, a rubuta "birki ya tsinke" ko "taya ta fashe", a ja ta gefe, a sayar da ƙarfen da kilo. Ba mai tambayar wane birki, wace lamba, sau nawa irinsa ya tsinke a bana. Da ƙungiyar masu motoci irin NARTO za ta buɗe ko littafi guda, duk wanda ƙarfe mai muhimmanci ya karye masa ya kawo hoto da lamba, cikin shekara biyu da mun san kayan da ke kashe mana mutane.

Amma Malam Ɗan Kamasho ma yana da gaskiyarsa, kuma ba ƙarama ba. Tankar da ta kama da wuta a gadar Otedola a Legas ranar 28 ga Yuni 2018, ta ƙone motoci sama da hamsin, gwamnatin jihar ta ce binciken da ta yi ya nuna an ƙera motar ne don ɗaukar tan 15, aka mayar da ita tana ɗaukar 30. Babu injiniyan da zai zana ƙarfe ya jure ninki biyu na abin da aka ce masa har abada. Buhu 400 na masara tan 40 ne, ban da nauyin motar kanta. Ƙarfe yana ƙirga kowane rami da ya faɗa da wannan nauyin, ba ya mantawa. Don haka ko da ka samu motarka tana cikin kiranye, lodin ya taimaka, in kuma ba ta ciki, lodin ne na farko da zan tuhuma. A duka biyun ban ga hannun direba ba.

In kana so a tabbatar, kai rabin ƙarfen sashen injiniyan ƙere-ƙere na jami'a ko kwalejin da ke kusa da kai. Suna iya yanka ɗan guntu su duba shi a madubin ƙara girma, su gaya maka ko akwai kumfa ko datti a cikin zubin.

Tsohon Direba Mai Carbi:

Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na ja babbar mota shekara talatin da huɗu, daga Kano zuwa Legas, zuwa Fatakwal, zuwa Maiduguri, har Agadas na kai kaya. Su ƙarfe da lamba na bar wa masu ilmi. Maganar direban zan yi.

Alhaji, tayar gaba ta fice wa mutum da lodi a bayansa, ya riƙe motar nan ta tsaya a kan ƙafafunta, ba ta kife ba, ba ta shiga kasuwa ba. Ka san abin da hannunsa ya yi kuwa? Sitiyari a lokacin fizga yake kamar an ɗaure sa da igiya ana ja. In ya taka birki da ƙarfi ta tafi, in ya saki ta tafi. Na ga wanda haka ta same shi a gangaren Akwanga, ba a fitar da shi da rai ba. Naka ya cece maka mota, ya cece maka masara, ya ceci yaronsa, sannan ya dawo gida aka karɓe masa makulli.

Mu direbobi mun saba. Birki ya tsinke, direba. Taya ta fashe, direba, ko da shi ya yi wata uku yana roƙon a sayi sabuwa ana ce masa a ƙara lallaɓawa. An bar jaki ana dukan taiki. Ban ce kai azzalumi ba ne, don da azzalumi ne kai da ba ka zo nan kana tambaya ba. Amma kada ka jira amsar Amurka kafin ka kira shi. Notuna goma da ka gani da idonka sun ishe ka. Kuma yadda ka faɗa masa magana a gaban mutane, to a gaban mutane za ka janye ta.

Mai Hatsi Dawanau:

Baba, na ji, kuma na karɓa.

Ga abin da ake ciki. Da safen nan na fitar da ƙarfen rana kamar yadda Oga Bakanike ya ce. Kusan kashi biyu cikin uku na bakin karayar baƙi ne, mai santsi, da layukan nan masu lanƙwasa, har na sa farce na bi su. Sabon wurin bai fi faɗin yatsu uku ba. A kan wannan ɗan abin motar take tafiya da mutane biyu a ciki, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. An kwance ɗaya gefen kuma, lambar da ke jikinsa daban da ta wanda ya karye. Wanda ya karye tambarinsa ma ya shafe, alƙaluma huɗu kawai ake iya karantawa. Ni dai ban taɓa canza shi ba a shekara biyar ɗin nan, don haka ko can aka canza ko a Legas kafin in saya. An yi gwajin alli a na hagun, bai nuna komai ba, amma na ce a cire shi duk da haka, a sa sababbi biyu iri ɗaya.

Malam na Ohayo ya duba lambar, ya ce akwai kiranye a kan irin motar amma bai ga wanda ya shafi hob ba, ya kuma taimaka mun aika wa kamfanin hotuna. Ko sun amsa ko ba su amsa ba zan dawo in faɗa. Malama, ranar Litinin ɗan yayata zai kai rabin ƙarfen makarantarsu. Na kuma gaya wa masu lodi daga yau buhu 300 ne, ko da kuɗin mota zai tashi.

Direban na je gidansa da kaina jiya da daddare, ban aika ba. Na ba shi albashinsa da makullinsa. Ya ce sai ya yi shawara da mahaifinsa kafin ya koma, na ce ya yi, ina jira. Gobe bayan sallar Juma'a zan tara yaran gareji da waɗanda suke wurin ranar da na yi masa faɗa, in faɗa musu abin da na gani a jikin ƙarfen.

Oga Bakanike, tambaya ɗaya ta rage. In na shiga Ƙofar Ruwa neman hob biyun nan, me zan duba in bambance na asali da wanda aka sake wa fenti? In kana da hali mu shiga tare, zan zo in ɗauke ka.